Bujen Mudiri da Inna Ta Ƙara wa Tsawo

Ran nan ina kishingiɗe bayan la'asar a ɗakina nan unguwar Sa'alaba, a ƙasar Saudiyya, sai na jiyo wata ƙara daga talabijin ɗin falo: tak, shiru, tak, shiru, sannan aka kwashe da tafi. Jikana ne ke kallon wasan tanis. Ban ko buɗe ido ba na san abin da ake yi, domin da wannan ƙarar na tashi a unguwar Ruwais, tun ana kawo mana ruwa a amalanken jaki.

Baba yana aiki a wani kamfanin Turawa mai hulɗa da jiragen ruwa. Gidajen manyansu suna kusa da gaɓar teku, an kewaye su da waya, a tsakiya kuma ga filin tanis. Baba ne ke share filin, ya yayyafa masa ruwa, ya ja masa layi da farar ƙasa. Inna kuma ita ke wankin gidan mudiri, wato babban Baturen wurin, da guga da 'yan ɗinke-ɗinke. Kamfanin ne kafilinmu, wato shi ya tsaya mana a wurin hukuma. Iƙamar Baba, takardarsa ta izinin zama a ƙasar, a hannunsu take, ɗakunan da muke kwana a bayan wayar ma nasu ne. In aikin ya tafi, to, da takarda da ɗaki duk sun bi shi.

Mu a lokacin Bature dai Bature ne, duk Ingilishi muke ce musu. Duk shekara in zafi ya lafa, iskar arewa ta fara busowa da warin gishiri, sai su yi babban wasa a tsakaninsu. Muna ganin sun rabu biyu, wasu da yawa, wasu 'yan kaɗan, suna ta yi wa juna ba'a, amma mun ɗauka ƙuri'a suke yi.

Ana gobe wasan wata shekara, aka aiko da kayan guga daga gidan mudiri. A ciki akwai wani buje na ulu, mai nauyi, mai ninki-ninki, layukan kore da shuɗi da ja sun gitta juna, yana ta warin kafur. Inna ta ɗaga shi ta kara a jikinta, ta ga da ƙyar zai kai gwiwa. Tausayin matar mudiri ya kama ta, domin mutuniyar kirki ce, ita ta kawo mini magani da na yi ƙyanda. Inna ta ce ba za ta bari baiwar Allah ta fita gaban maza ƙwauri a waje ba. Tana da wata atamfa ruwan ɗorawa mai hoton tsuntsaye, wadda wata hajiya ta kawo mata daga Kano, ko sau ɗaya ba ta ɗaura ba. Ta yanko faɗin taƙi biyu ta ɗinka a bakin bujen, ɗinki mai kyau, ta goge, ta ninke, ta aika. A ranta alheri ta yi.

Washegari da hantsi Baba ya shigo ya zauna a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba. Ya ce bujen ba na uwargida ba ne, na mudiri ne da kansa, shi zai sa yau wurin kallon wasa. Ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta yi ja haka ba, kuma an ce gobe ya je ofis. Kowa a bayan wayar nan ya san abin da zuwa ofis ke nufi.

Kakata, mahaifiyar Baba, ta fara yin dariya har da tari, wai ƙato da buje. Da ta ga Inna tana kuka sai ta daina, ta yafa mayafi, ta kama hannuna, ta ce gidan mudiri za mu. Bagobira ce, da ƙafa ta zo ƙasar nan tana yarinya, tsagarta kuwa tun daga gefen baki har kusa da kunne. Turanci babu, dole sai da tafinta, kuma mai jin Turancin a cikinmu direban mudiri ne, Bahaushen Sudan, wanda ba sa ga maciji da ita. Ita takan ce su ne waɗanda suka gaji a hanyar Makka suka zauna, shi kuma ya ce mu ne muka manta hanyar komawa gida. Ranar dai ita ta fara gaishe shi.

Muka tarar da mudiri a baranda, bujen a kan kujera, tsuntsayen Inna suna reto. Direba ya riƙa juya mana maganarsa. Mudiri ya ce shi ba Ingilishi ba ne, mutumin Sikotlan ne, ƙasar duwatsu a arewa da su. Sarauniyarsu ɗaya, fasfonsu ɗaya, amma kowa ya san gidan ubansa. Layukan nan na jikin bujen na zuri'arsu ne, mahaifinsa ya sa shi kafin ya bar masa. Yau kuma Ingilishi za su samu abin dariyar shekara.

Kaka ta matsa ta bi layukan da ɗan yatsa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta shafa kumatunta.

"Gaya masa na gane," in ji ta. "Nawa a fuska aka yi, nasa a tufa. Da wani zai ƙara mini layi ɗaya a nan, da ba mu rabu lafiya ba. Ya ba ni kayansa, kafin la'asar zai gan shi yadda ubansa ya bar masa."

Ba ta roƙe shi maganar aiki ba, shi ma bai tayar ba. Ya dubi fuskarta, ya miƙo bujen.

Kaka da reza, Inna da allura, ni kuma ina tsince zare, har muka raba ulu da atamfa ba tare da an ɓata ko layi ɗaya ba. Kaka tana cikin aikin ta tambayi direba mutum nawa ne a ɓangaren mudiri. Ya ce ba su cika hannu ɗaya ba, sauran duk Ingilishi ne. Ta ce mutumin da danginsa suka yi nisa ba a barinsa shi kaɗai a taro.

Da la'asar ta tara matan bayan waya, har da matar direban, muka jeru a gefen da mudiri yake zaune. Wani saurayin akawu ɗan ƙasarsu ne ke buga musu. Ingilishi suna ƙarƙashin rumfa da 'yan tutocinsu, labari ya riga ya kai musu, suna ta tambayar mudiri ina tsuntsayen suka tashi suka tafi. Mu ba mu san dokar wasan ba, sai aka shirya in akawun ya ci, direba ya taɓa hularsa. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, a wasan nan shiru ake yi kamar ana huɗuba.

Direba ya taɓa hula, Kaka ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, matan suka amsa. Tattabaru suka watse daga kan rufi. Baturen da zai buga ƙwallo ya sake ta ta faɗi. Wani dattijon Ingilishi ya miƙe yana nuna mu yana faɗa. Sai mudiri ma ya miƙe, da bujensa da jajayen gwiwoyinsa, ya faɗi wata magana da ta sa 'yan ɓangarensa suka riƙe ciki. Daga baya direba ya ce mana cewa ya yi, waɗannan danginsa ne, daga nesa suka zo, ba mai korarsu.

Akawun bai ci wasan ba, an lallasa shi sosai. Amma duk ƙwallon da ya samu sai da Ruwais ta ji.

Da safe Baba ya tafi ofis kamar mai zuwa jana'iza. Bai daɗe ba ya dawo, ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Kaka, "Iya, wai baɗi ki zo da wuri. An ce in sa miki benci a cikin waya, a inuwa." Ya ɗauki bokitin farar ƙasarsa ya koma fili.

Bayan 'yan watanni wasu Amurkawa suka zo wasa. Muna kallo Ingilishi da 'yan Sikotlan suka cunkushe a rumfa ɗaya, suna kiran suna ɗaya, dattijon nan har yana dafa kafaɗar mudiri. Kaka ta taɓo direba da sandarta ta ce, "Ka gani ko, ɗan Sudan? Ni da kai ke nan in Balarabe ya taso mana."

Baba ya riƙe aikin nan har bayansa ya ranƙwafa, a kan wannan iƙamar muka girma muka yi aure muka hayayyafa. Yanzu gidajen Turawan an rushe su, manyan benaye ne a wurin. Jikokina in na yi musu Hausa da Larabci suke amsa mini, ɗaya kuma 'yar Hausawan Sudan ya auro. Ranar da ake ƙwallon ƙafa falon nan kashi uku yake rabuwa, masu Saudiyya, masu Najeriya, da amaryar nan ita kaɗai da Sudan ɗinta, ana ta gori ana tono asalin kakanni. Ba na hana su, domin mai gardamar inda ya fito bai manta ba ke nan, kuma in an kawo shinkafa tire ɗaya suke zagayewa. Ni kuwa sai in ja kujerata in koma kusa da amarya. Muryata ta tsufa, amma in 'yan ƙasarta suka jefa ƙwallo a raga, har maƙwabta suna jin guɗata.