Cokali Mai Maɗauri

Da na gaya wa mahaifina abin da zan karanta a kulliya, wato kwalejin lafiya, sai da ya sa na maimaita. Shi a saninsa ma'aikacin asibiti allura yake yi ko ya ba da magani. Na ce namu aikin shi ne taimaka wa wanda ciwo ya naƙasa ya koma yi wa kansa abubuwa, kamar sa riga da wanka da cin abinci. Bai gamsu ba, amma bai hana ni ba.

Malamarmu wata gajeruwar mata ce mai ƙaramar murya, Ustaza kawai muke ce mata. Watannin farko haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi muka sha, ina wanke-wanke a gida ina bitarsu. Wata safiya ta sa kowaccenmu ta ɗaure hannun damanta a jiki da ɗankwali, ta ce mu haɗa shayi, mu yafa tob ɗinmu, dogon mayafin da muke naɗe jiki da shi, mu gyara shi. Sukari ya zube, mayafai suka zame, muka yi ta dariya. Ba ta bari mun kwance ba sai azahar, kuma kafin lokacin dariyar ta ƙare.

A shekara ta biyu aka fara tura mu asibiti koyon aiki. A nan na haɗu da wani dattijo da ɗansa ke kawowa a keken jaki. Ɗinke bakin buhunan dawa da riɗi ne sana'arsa a kasuwar hatsi ta Gadarif, har ranar da ya faɗi a tsakanin buhuna, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da can yana Larabci kamar kowa a ƙasar nan, amma ciwon ya nauyaya masa harshe, Hausar da ya tashi da ita ce kawai ke fita, ita ma da ƙyar. Shi ya sa Ustaza ta ba ni shi, tun da ni ina jin Hausa.

Na fara da abin da aka koya mana. Ya matsa ƙullin tsumma, ya tura kofi a kan tebur, ya yi ƙoƙarin tsintar wake. Yana yi, amma hankalinsa ba ya wurin, kuma kullum ramewa yake. Ɗansa ya ja ni gefe ya ce abinci ne matsalar. Babansa ya ƙi a ba shi a baki, ya kuma ƙi ci da hagu. Har limamin unguwa an kawo ya ce masa mai lalura ba shi da laifi. Dattijon ya ce ya ji, amma sai kunu kaɗan yake kurɓa idan ba kowa a ɗakin.

Na kai wa Ustaza maganar. Ta ce in ajiye waken nan tukuna, in zauna in tambaye shi abin da shi yake so ya iya. Na tambaye shi. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ke kwance a cinya kafin ya yi magana, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"'Yata, azumi ya kusa. Tun ina saurayi a ƙofar gida nake shan ruwa da maƙwabta. Ba zan zauna cikin maza a ba ni a baki ba. Ba zan sa hagu a tiren jama'a ba."

Likita ya riga ya hana shi azumin saboda magani. Zaman tabarmar shan ruwan yake so.

Ustaza ta duba hannun da kanta. Yatsun ba sa riƙo, amma kafaɗa da gwiwar hannu suna ɗan motsi. Ta zana mini abin da zan nemo. Na shiga kasuwa, maƙeri ya lanƙwasa wuyan cokali ya karkato ciki, baduku ya ɗinka masa maɗaurin fata da zai zagaye tafin hannu, ni kuma na naɗe mariƙin da tsumma ya yi kauri. Muka dasa gwiwar hannunsa a kan matashi, hagunsa yana tallafe da na daman ta ƙasa. Na ji tsoron zai ce ai hagun ne ke aikin, sai bai ce ba.

Da asida muka gwada, tuwon dawa mai laushi da nake kawowa daga gida. Lomar farko a jallabiyarsa ta sauka, ta biyu ma haka. Muka yi makonni a kai. Wata rana miya ta zubo masa a gemu a gaban wasu mata masu jinya, ya fizge cokalin ya yi jifa da shi, ya juya fuska ga bango. Na ɗauko na wanke na ajiye kusa da shi. Na zaci ba zai dawo ba. Ya dawo, da kansa ya miƙo hannun a ɗaura.

Ban ga zaman ƙofar gidan ba, ɗansa ne ya ba ni labari. Kwanakin farkon azumi bai fito ba. Daga baya wata yamma ya ce a kama shi a kai shi tabarma, a taho da matashin. Maƙwabta suka matsa masa wuri, suka ci gaba da hirar farashin riɗi, ba wanda ya tsaya kallon hannunsa. Ya ci 'yan lomomi, wasu sun zube, ya sha ruwa, ya yi magariba a zaune a ƙarshen sahu.

Bai koma kasuwa ba, yatsun ba su ƙara riƙe basilla ba. Bayan salla ya zo, ya ɗan yi ƙiba, na gaishe shi na ce, "Baba, yau kuma me za mu yi?"

Ya ce ya gaji da a zuba masa ruwan alwala. Na je na samo buta da kwano, muka fara daga wankin hannu.