Coco da Sandar Mopa

Wata safiyar Asabar cikin Janairu, ina 'yar shekara tara, na tsaya a ƙofar benenmu na unguwar Concourse Village da ke Bronx ina kallon Mama tana jan kare. Ta ɗaure igiyarsa a ƙarshen sandar mopa don kada ya kusance ta, shi kuwa ya kafe ƙafafu ya ƙi motsi. Masu wucewa sai dariya suke. Ni kam ji nake kamar in nutse don kunya.

Karen na Miss Gloria ne, tsohuwar da ƙofarta ke kallon tamu, wadda ke riƙe ni bayan makaranta har Mama ta dawo daga shagon kitso. Ranar da ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu, abu ɗaya ta roƙa kafin a sa ta a motar asibiti, a kula mata da karenta Coco. Mama da ko hoton kare ba ta son gani ta ce to. Sai Coco ya ƙi fita, ya riƙa ɓata ɗakin har wari ya cika hawan namu. Mai kula da benen ya ce in aka ƙara, zai kira masu kwashe dabbobi, mun kuma san tsohon kare irinsa in ya tafi ba zai dawo ba.

Babu abin da ba mu gwada ba. Mun ba shi kilishi, ja'irin ya cinye ya koma ya kwanta. Matan shago suka ce, "Haba Hajiya, ke da kare? Ki bari su ɗauke shi mana." Mama ta ce, "Matar nan ta riƙe min 'ya ba ta taɓa ɓata fuska ba. Wallahi sai ya yi tafiya."

A safiyar nan na lura ba hanya Coco ke kallo ba, sandar yake kallo jikinsa na rawa. Na gaya wa Mama da Turanci, don lokacin Hausata a kunne kawai take. Ta daɗe tana duban sandar. Can ta kwance igiyar, ta yi bismilla, ta tsuguna ta miƙa masa hannu ido a rufe. Ya shinshina, ya lashe. "Innalillahi!" in ji Mama, amma ba ta janye ba. Sai ga shi ya miƙe, ya bi ta tiƙis-tiƙis har kwanar layi.

Da muka dawo ta ce sai ta wanke hannu da ƙasa kamar yadda aka koya mata a gida. To ina ƙasa a Bronx, ƙanƙara ta rufe ko'ina? Ƙasar tukunyar furen Miss Gloria ta riƙa ɗiba kullum. Ranar da aka sallamo tsohuwar ta rungume karenta tana kuka, sannan ta tambaya wa ya cinye mata rabin ƙasar tukunya.

Yanzu babu Miss Gloria, babu Coco, ina kewarsu ƙwarai. Bara aka yi wa Mama aikin gwiwa, likita ya ce dole ta riƙa takawa, ita kuma ta kafe a kujera. Na yi ta faɗa daga bakin ƙofa a banza. Ranar da na tsuguna na miƙa mata hannu, ta harare ni ta ce, "Au, ni kika mayar Coco?" Sannan ta kama, muka fita.