Binnen Baba

A ƙauyenmu, gabas da Damagaram wajen Zermu, in manomi ya gaji da jiran sama sai ya ɗauki sungumi ya shiga gona tun ƙasa tana busasshiya. Ya sara rami, ya jefa 'yan ƙwayoyin hatsi, ya rufe da diddige, ya yi gaba. Binne ake ce wa wannan shuka. Iri yana kwance cikin rairayi mai zafi, mako biyu ko wata guda, har ranar da ruwa ya sauka ya tashe shi. Kalmar nan kuwa ita ce dai muke faɗa in an kai mamaci makwancinsa. Yawancin mutane ba su taɓa tsayawa a kan wannan ba. Babana kuwa a kanta ya kafa imaninsa duka.

Baba ba malami ba ne. Karatunsa bai wuce na yin salla ba, ko shi ma liman ya sha gyara masa. Amma in an dawo daga jana'iza, malamai suna jan dogon bayani kan tashin alƙiyama, shi sai ya gyara zama ya ce, "Binne ne aka yi, ruwa ake jira." In aka yi masa dariya ya ce, "Ku takarda gare ku, ni gona gare ni. Shekara arba'in ina binnewa yana tashi. Wa zai gaya mini ba a tashi?" Ina yaro maganar tana ba ni sha'awa. Da na girma ta koma ba ni haushi, don ko akuya ta mutu sai ya faɗe ta.

A shekara ta uku da ake fari, ina tela a kasuwar Damagaram. Sunan tela kawai, don ba mai kawo ɗinki sai na likkafani, shi kuwa ba a cinikinsa. Cikin bazara wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya kawo mini saƙo cewa Inna, mahaifiyata, tana kwance. Na samu ɗan garin rogo wajen Kanawan kasuwa, na ɗaure a tsumma, na hau bayan kamyon.

Na iske rabin ƙauyen ya watse. Masu ƙarfi sun yi kudu, an bar tsofaffi da ƙofofi a buɗe. Abinci ya koma dusa da 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya ragu. Cikin Inna ya ƙi su. Duk abin da ta haɗiya sai ya dawo. Garin rogona ma bai zauna mata ba, mu muka cinye shi cikin mako guda. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Wata rana ta ce, "Kai wannan, da zan samu kunun hatsi ko ludayi biyu, ina jin da na tashi."

Akwai hatsi a gidan. Rabin tiya ne na iri, cikin wata gora da Baba ya toshe da toka ya rataya a ɗakinsa. Irin kakansa ne, shekaru biyu na yunwa bai bari an taɓa shi ba. Na same shi a zaure na ce, "Baba, ku ba ni gorar nan in dama wa Inna kunu."

Ya ce, "Iri ne."

"Na san iri ne. Mutum ne ke mutuwa a ɗaki."

"In ta sha yau, gobe fa? In na binne, da kaka za ta ci tuwo har ta ture."

Na ce masa abin da ɗa bai kamata ya ce wa ubansa ba. Na ce sama ta manta da mu, shi kaɗai ne bai ji labari ba. Washegari da sassafe na ji ƙarar sungumi a bayan gida. Ya tsoraci hannuna, sai ya kai irin inda yake ganin ba zan kai ba. Kafin rana ta take ya binne shi duka a ɗan fegin da ke gindin gawo, ya dawo ya kife gorar a tsakar gida don in gani.

Kwana biyu bayan haka aka ce za a raba hatsin taimako a Zermu. Baba ya ɗauki buhu ya bi sauran tsofaffi da ƙafa. Yana ɓacewa na ɗauki rariyar Inna na nufi gindin gawo.

Ba wuya gano ramukan, don sawun diddigensa yana nan a jere. In tona da hannu, in kwashi rairayin in zuba a rariya, in girgiza. Ƙwaya goma, ƙwaya ashirin. Na bi layi bayan layi a durƙushe, rana na dukan ƙeyata, ina zagin taurin kan tsoho a zuci. Kwana biyu na yi ina wannan aiki, ban tsallake rami ko ɗaya ba. Da yammar da na gama iska ta taso ta share bayana, har gonar ta koma kamar ba wanda ya taka ta. Abin da na tara bai cika ƙaramar ƙwarya ba.

Na bushe shi, na wanke, na daka da kaina, na dama. Amma hatsin da ya kwana a rairayi ba ya rabuwa da shi. Na tallabo kan Inna na ba ta. Ta kurɓa sau ɗaya, na ji ƙasa ta yi ƙaras a haƙoranta. Ta tsaya, ta dube ni.

"Gonar ubanka ce wannan?"

Na ce, "Ki sha, Inna."

Ta ce, "Ka yi ɓarna." Sannan ta sha, don yunwa ba ta jin wa'azi. Ta sha ranar, ta sha washegari, kunun ya zauna mata, har ta zauna da kanta ta nemi a ɗaura mata kallabi. Ta ce kada in gaya masa, ita za ta san yadda za ta faɗa masa in ta warke. Rana ta huɗu kunu ya ƙare. Baba ya dawo da buhunsa a naɗe a hammata, motar taimakon ba ta zo ba. Inna ta ƙara kwana shida ta rasu da hantsi, ba ta faɗa masa komai ba.

Mu biyar muka kai ta. A shekarar karnukan da masu su suka gudu suka bari sun zama abin tsoro, har tonon kabari suke yi. Baba ya tsaya a bakin ramin yana cewa a ƙara, a ƙara, har sai da mai haƙa ya nutse zuwa ƙirji. Da aka rufe, ya shafa ƙasar da tafin hannu kamar yadda yake yi a gona, ya ce, "Binne ne. Ruwa ake jira." Ranar ban ji haushin maganar ba. Na so ta zama gaskiya fiye da yadda na taɓa son wani abu.

Bayan sadakar bakwai ruwa ya sauka, ruwa na gaske, har kududdufai suka cika. Kwana uku, gonakin duk wanda ya yi binne suka yi tsiri kore shar. Ta Baba kuwa ko ɗaya. Kullum da safe sai ya tafi gindin gawo ya tsuguna yana duban ƙasa. Ya ce irin kakansa dama mai nawa ne, a ba shi kwana biyu. Aka ba shi biyar. Maƙwabta suka ce tururuwa ce ta kwashe, ya ce tururuwa takan bar hanya, shi bai ga hanya ba. Suka ce ɓeraye, ya ce ɓera ba ya cinye gona ƙaf bai bar rami ɗaya ba. Ina tsaye a bayansa duk lokacin da ake wannan magana. Ya sa yatsa ya tona wuri biyu uku bai samu komai ba, sai ya miƙe ya karkaɗe hannu.

Ya ce, "Na zurfafa. Raina a ɓace yake ranar, hannuna ya yi nauyi a sungumi. Iska kuma ta ƙara masa rairayi. Yana can ƙasa, ya kasa fitowa."

Ruwan bai sake dawowa ba sai da komai ya ƙone. Shukar maƙwabta ta kai tsawon taƙi ta bushe a tsaye, ba wanda ya girbi ko zangarniya. Na ɗauka wannan zai sanyaya masa rai. Na ce, "Kun gani, Baba, da ya fito ma da haka zai ƙare." Ya girgiza kai. "Nasu ya tashi ya mutu. Mutuwa ba komai ba ce. Nawa bai tashi ba."

Daga ranar ban sake jin ya ce binne ne ba. Na ɗauko shi muka koma Damagaram, ya zauna tare da ni a unguwar Birni shekara huɗu. Bai bar salla ba, bai bar azumi ba, ba kuma wanda ya taɓa jin saɓo a bakinsa. Amma in an je jana'iza sai ya tsaya can baya, idonsa a kan masu haƙa.

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni ma na daɗe ina fakewa da wannan. Na ce wa kaina Inna ce ta hana ni faɗa. Na ce tsoho ne, kada in tayar masa da ciwo. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji ya dube ni. Akwai kuma wadda ta fi wannan muni: a shekarar farko ina jin daɗin ganinsa haka. Ina cewa a raina, wanda ya fifita rami a kan matarsa, to ga ramin nan ya ba shi amsa. Lokacin da haushin ya huce, shirun ya riga ya tsufa, na rasa ta inda zan kama shi.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ranar ƙarshe, bayan azahar, ina zaune kusa da tabarmarsa ina yi masa fifita, ya kama hannuna.

"In kun kai ni, kada ku zurfafa."

Na ce, "To, Baba."

"Uwarka ni na tsaya ina cewa a ƙara. Har ƙirji." Ya yi numfashi. "Kana ganin ruwan zai kai gare ta?"

Na ba shi amsar malamai. Na ce Allah mai iko ne a kan komai, wanda ya fara halitta ba zai gaza maimaita ta ba. Ya ce, "Wannan na sani. Ta takarda ce." Ya ci gaba da dubana yana jira, ko ina da wata. Ina da ita. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba: irinku lafiyarsa lau, Baba, ni na tone shi. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko zai sha ruwa. Ya ce a'a. Kafin la'asar ya cika.

A maƙabarta, masu haƙa ba su kai gwiwa ba na ce ya isa. Babbansu ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam tela, ba haka ake yi ba." Suka ci gaba har inda aka saba, ni kuwa na tsaya ina kallo. Ko wannan ɗaya ban yi masa ba.

Yanzu na girmi Baba a shekarun da ya rasu. Ina salla, ina zuwa jana'iza, in aka ce za a tashi ina cewa haka ne. Ni kaɗai a duniya na san dalilin da gonar nan ba ta fito ba, don haka ni ya kamata in fi kowa sakankancewa cewa abin da aka binne yana tashi. Amma in na rufe ido ba tsiro nake gani ba. Ramukan nake gani bayan na wuce su, a rufe lumui, ba komai a ciki, da tsoho tsugune a kansu yana ba su kwana biyu.