Nas ɗin Yendi da ta faɗi gaskiya

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayata Adisa, kuma har yau idan na shiga asibiti ita nake tunawa.

A zangon Salaga aka haife mu. Ni na bi babanmu cinikin goro, ita ta yi karatun nas. Aka kai ta wani asibiti a ƙasar Yendi, ɗakin da ake kwantar da masu ciwon daji. A wancan lokacin, da lambar gado ake raba magani, ba a tambayar suna.

Wata rana 'yan uwan wata tsohuwa suka ga jikinta ya yi tsanani. Suka roƙi maƙwabciyarta suka yi musayar gado, don tsohuwar ta fuskanci alƙibla. Ba wanda ya gaya wa ma'aikata. Yaya ta zo ta bi lamba, ta yi wa tsohuwar allurar da ba tata ba. Tana ganewa ta ruga wajen likita ta ce ita ta yi. Aka yi gaggawa, tsohuwa ta tashi, har ta ga wata sallar. Ladan Yaya kuwa, aka tsayar da ita gaban abokan aiki aka wanke ta tas, aka rage mata girma, aka jefa ta Bawku.

Bayan shekara tara ciwon dajin ya kama ta a nono. Ni na yi jinyarta. Ran nan da hantsi aka rataya mata ƙarin ruwa, ta ɗaga ido ta karanta jikin kwalbar, sunan matar da ke kusa da ita ne. Nata kuma ya riga ya shiga jijiyar matar. Ta kira nas ɗin a hankali ta ce, "'Yata, je ki gaya wa likita yanzu."

Nas ɗin ta durƙusa ta ce, "Mama, ki rufa mini asiri. Ba ki ji yadda aka yi da wata nas a Yendi ba?"

Yaya ta ce, "Na ji." Ta juya fuska ga bango. Ni na je neman likita, ban same shi ba sai bayan la'asar. Matar ba ta kai Juma'a ba. Ko maganin ne, ko ciwon, Allah masani, ba wanda ya bincika.

Yanzu ana ɗaura wa majinyaci suna a hannu, an ce wai an daina hukunta mai faɗin kuskurensa. Da Yaya na nan, na san tambaya ɗaya za ta yi: wa kuka taɓa gani ya faɗa? Ni dai ban gani ba, kuma abin yana ci mini rai.

Yaya ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Bara jikata da ke makarantar nas ta zo hutu, tana ba ni labarin gargaɗin da manyansu ke yi musu cewa su kama bakinsu idan hannu ya kuskure. Ta ce, "Kaka, ai an ce da can akwai wata a Yendi." Ban gaya mata ko wace ce ba. Allah ya jiƙan Adisa.