Baba Tanko bai iya jiran mota ba

Shekara uku ke nan da rasuwar maƙwabcinmu Baba Tanko, amma a makon jiya ya sake jawo mini kunya. Malaminmu na lekol, wato makarantar boko, ya tambayi wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa, na ɗaga hannu har kafaɗata ta yi ƙara. Na kwatanta hayaƙinsa, na yi kukansa da baki, na ce har barci na yi a ciki. Malam ya ce, "A ina ka shiga?" Bakina ya riga hankalina, na ce, "Agadas." Har gobe ƴan ajinmu na tambayata ko jirgin Agadas ya iso, a ƙasar da ko taku ɗaya na layin dogo babu.

Ban taɓa ganin jirgi ba, labarinsa na sha a bakin Baba Tanko. Mutumin Magarya ne, ya ƙetara Najeriya tun yana saurayi, ya zama injiniya a layin Kano zuwa Nguru, ya tsufa yana gyaran injinan jirgi. Da ya ajiye aiki ya biyo ɗansa Habu, mai aiki a ma'adinan yuraniyom, suka zauna katanga ɗaya da mu a nan Arlit. Ni nake hura masa gawayin shayi, shi yake kirana sarkin maƙaryatan Arlit, ni kuma ina ce masa ya nuna mini jirgin in da gaske yake. Haka abotarmu take.

Sai farashin yuraniyom ya faɗi, aka sallami Habu, ya bi ta Assamakka, can bakin iyakar arewa, neman aiki. Fari ya cinye dabbobin makiyaya, suka zubo bakin gari. Tawaye ya taso, hanyar kudu ba ta biyuwa sai a ayarin motoci da rakiyar soja, shi ma ayarin sai a yi makonni bai tashi ba. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya kawo saƙon baki daga Magarya: Hajara, ƙanwar Baba, ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu, idonta yana rufewa, tana son ta gan shi tun tana iya gani. Shi kansa tari ya fara cinsa. Ya ce zai tafi gida, kuma ba zai dawo ba.

Aghali, direban babbar mota, Ba'azbine mai fara'a, ya ce masa, "Gobe ƙarfe takwas." Duk jaririn da aka haifa a Arlit ya san ma'anar wannan magana. Baba Tanko kaɗai ya ɗauke ta yadda aka faɗa. Muka isa tasha da akwatinsa a kaina, akwatin da na rantse akwai rabin injin jirgi a ciki. Muka tarar da Aghali ƙarƙashin mota yana dafa shayi.

"Aghali, lokaci ya wuce."

"Baba, zauna ka sha. Mota zai tashi in soja ya ce ya tashi."

"To me ya sa ka ce takwas?"

"Ai ka tambaye ni, Baba. In ce maka ban sani ba, kamar ba direba ba?"

Baba ya tsaya a rana, ya ƙi tabarma, ya ƙi shayi. Da hantsi ya yi zafi ya ce, "Sani, ɗauki akwati." A hanya yana faɗa yana tari, wai a aikinsu wanda ya makara kisa yake yi, don jirgi biyu za su haɗu a layi ɗaya. Bayan azahar ayari ya tashi muna gida.

Karo na biyu ma haka aka yi, sai dai wuyana ya ƙara gajarta. Innata ta leƙa ta katanga ta ce, "Baba, don Allah da wa kake wannan fushin? Sojan ya san kana yi? Hajara kake hukuntawa." Ya shige ɗakinsa. Ranar ko shayina bai karɓa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yau. Ana ci gaba da sallamar ma'aikata, gidan Habu wasu ne a ciki, makiyayan bakin gari sun koma tallar ruwa, hanya kuwa yau a buɗe gobe a rufe. Rediyo ya sake cewa wata rana layin dogo zai iso arewa. Da yana raye da ya jefi rediyon da takalmi, ni in tsinto masa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun gwanance a jira. Muna jiran albashi, muna jiran ruwa, muna jiran sulhu, kowa da tabarmarsa, har muna yi wa wanda ya ƙi zama dariya. Ni ma na yi masa. Har yau ban yanke ba ko taurin kai ne ya hana shi ganin ƙanwarsa, ko shi kaɗai ne mai hankali a cikinmu. Wata rana in ba shi gaskiya, wata rana in ji kamar in je kabarinsa in yi masa faɗa.

Abin da ya bar mini ba shi da yawa, kuma bai amfane ni ba. Nakan isa lekol a kan lokaci in tarar da ƙofa a kulle. In aka ce mini "yanzun nan", sai in kama faɗa. A wurin abokaina na sha ƙawata ƙarshensa, na ce a tsaye ya mutu yana zagin soja. Masu karatu kam ba zan yi muku haka ba.

Karo na uku ya zauna. Ya karɓi tabarmar Aghali, ya sha shayinsa, bai tambayi kowa lokaci ba. Aka ce an tare motoci a hanya, soja ya ɗage tafiya, Baba ya ci gaba da zuwa kullum yana wuni a inuwar mota cikin iska, har ranar da muka ɗauko shi a amalanke. Ya rasu a ɗakinsa, aka binne shi a maƙabartar Arlit. Ayarin ya tashi ranar sadakar uku, Aghali ya kai wa Hajara akwatin.