Takalman Inna

Har yau idan na ga ƙato da gemunsa ya kwantar da waya a hannu biyu, yana murza ta da manyan yatsu, baki a sake, sai in ji raina ya ɓaci. Na san ba kowa ne ya yi mini laifi ba. Ƙanena ne ya yi, kuma a irin wannan zaman ya yi shi.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana ƙauyenmu na bayan Maradun zaunuwa, muka ɗauko Inna zuwa gidana a Talata Mafara. Ta zo da ƙullin kaya ɗaya da wata ɗabi'a da ba mu san ta da ita ba, wato ba ta rabuwa da takalmi. Tana sallame salla za ta mayar da su. Da su take kwanciya a kan katifa. Da na yi magana sai ta ce, "Ke dai bar ni. Ranar da sunka shigo muna, ba takalmi nik kai Maradun, cikin kututturan dawa."

Maigidana ya sayo mata 'yar sifika mai caji, ya sa aka zuba mata karatun Alƙur'ani da tafsirin wani malami na Bakura da take son muryarsa. Abin ya karɓe ta. Tana jan carbi tana saurare, har takan gyangyaɗa. Bayan an yi girbi, wata safiya na kai mata kunu na tarar da takalman a bakin ƙofa, ita tana ciki ƙafa a miƙe. Na ajiye mata kunun. Na koma madafa na yi kukan daɗi ni kaɗai.

Shi kuwa ƙanena ya gama difiloma yana jiran aiki, a gidana yake ci. A shagon masu caji na bakin tasha aka tura masa wani wasa, mutane su diro daga jirgi su yi ta harbin juna har saura ɗaya. Daga safe yana zaure yana kashe-kashe. Na ce masa, a ƙasar nan da ake gudun wannan ƙara, kai har data kake saye don ka ji ta? Ya ce, "Yaya, wasa ne fa. Da 'yan ƙasar waje nika bugawa." Kamar wanda aka ba sarauta.

Ashe ya taɓa haɗa wayarsa da sifikar Inna ta bulutut don ya ji ƙarfinta, kuma ita sifikar ba ta mantuwa. Wata rana bayan la'asar Inna ta kunna abarta, sai ta cafko wayarsa daga zaure. Shi ya ji wasansa ya yi shiru, ya ɗauka waya ce ta samu matsala, ya ƙure sauti har ƙarshe.

Ina tsince shinkafa na ji ruwan harsashi daga ɗakin uwata. Ni kaina sai da na kife a ƙasa. Maƙwabta suka hau rufe ƙofofi. Inna ta fito da gudu ba takalmi, ba ta nufi zaure ba, ta zaga ta bayan ɗaki, don a ƙauye ta nan ake keta danga a faɗa gona. Nan kuwa katangar bulo ce. Ta taka turmi za ta haura, tsohuwar da ko tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Turmi ya mirgine, ta faɗo a kan hannunta na dama.

Sai ga shi ya shigo, waya a hannu, yana cewa, "Ku kwantar da hankali, wallahi ba komi, sifika ce tak kama!" Inna na kwance tana salati, hannu ya lanƙwashe, shi kuwa ina kallonsa ya saci ido ya duba ko an kashe shi a cikin wasan. Wannan kallon ne ban yafe ba. Na fizge wayar na jefa ta cikin randa.

Ni aka taru a kaina daga baya. Maigidana ya ce tsautsayi ne, waya ba ta da laifi. Ƙawata ta ce ai duk samarin yanzu haka suke, gara wasan da yawon banza. Ita ma Inna cewa ta yi in bar yaro, bai sani ba. Yaro! Kafin mai ɗori daga Damri ya kwance mata karan hannu, yaron ya yi sabuwar waya, sai dai yanzu yana toshe kunne da abin saurare, wai ya yi hankali.

Sifikar kuwa Inna ta sa na naɗe ta a tsumma na fitar mata daga ɗaki. Na ce karatu ne fa a ciki. Ta ce, "Na sani. Amma su ma suna ciki."

Hannun bai koma daidai ba, yatsun ba sa riƙe abu. Don haka duk lokacin da ta idar da salla sai ta miƙo ƙafa ta kira ni, ni nake durƙusawa in sa mata takalman.