Danƙin Shinkafa: Zuwa Ga Ƙanwata Biakthuami

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Fabrairun bana, ina tsugune a bayan gida ina wanke tukwane, Fasto Hrangliana ya shigo da hularsa a hannu. Tun da na ga hular nan a hannu na san ba alheri ya kawo shi ba. Ya ce, "Goggo Khumi, sai haƙuri. Ubangiji ya kira Thuami da safen nan, can yankin Mugu a Nepal." Ciwon haƙarƙari ne ya kayar da ke, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, jirgin da zai kai ki asibiti ya kasa sauka. Washegari aka sake bugo waya cewa mutanen ƙauyen sun binne ki. Babu wanda ya tambaye ni, ni da muka fito ciki ɗaya.

An ce in rubuta abin da za a karanta a taron zumuntar mata. Na san abin da ake so a ji, kuma gaskiya ne, zan faɗe shi. Sama da shekara talatin kina duwatsun Nepal kina aikin jinya da ungozomanci da sunan Yesu. Kin tarar mata na haihuwa a ɗakin shanu, saboda al'adar wurin ba ta yarda jinin biƙi ya taɓa cikin gida ba. Ba ki tsaya yi wa kowa wa'azi ba. Kika kwashe kashin shanun da hannunki, kika shimfiɗa bargonki, kika zauna da su a ciki har su yi wanka. Kin taɓa goya wata mai naƙuda a kwando, kika sauko da ita gangaren da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi. Yaran da kika yanke wa cibiya yanzu wasunsu malaman makaranta ne. Ba ni da ja a kan ko ɗaya.

Amma Thuami, kin san ni, ban iya rufa-rufa ba. Kishi nake yi. Ina kishin mutanen nan da suka same ki, har yau da nake riƙe da alƙalamin nan ban huce ba.

Mu biyu muka miƙa sunanmu shekarar da ikilisiya ta nemi masu tafiya. A shekarar ce ɓarin jikin Inna ya shanye, dole ɗaya ta zauna, ni ce kuma babba. Kika tafi, na zauna da juya Inna da wanke mata jiki. Duk wanda ya shigo gaishe ta, maganarta ɗaya ce: "Kun ji labarin 'yata ta Nepal?" Ni kuwa ina gefe riƙe da fo. Ido wa ka raina, wanda kake gani kullum.

Kuma da shinkafarmu kika tafi. Kin san yadda muke yi a nan jiharmu ta Mizoram: kafin mace ta zuba shinkafa a tukunya, safe da yamma, sai ta ɗebi danƙi guda ta zuba a gwangwani, ranar Lahadi a kai coci, a sayar, a ciyar da masu aikin bishara. Inna tana da nata salon. In ta zuba danƙin sai ta ƙara ɗan tsunkule da yatsu uku, ta ce, "Kada Allah ya ce mun yi masa rowa," sannan ta ƙwanƙwasa bakin gwangwanin sau biyu da bayan hannu. Da hannunta ya mutu, ni na ɗora. Ko ranar da shinkafar ba ta ishi yarana ba, ban tsallake ba, ina cewa a raina wannan cikin Thuami zai shiga. Ni da ɗiba, su da morar ki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kin tuna rigar sanyin da na saƙa miki, ja mai ratsin baƙi? Damina guda na yi a kanta, idona har ruwa yake yi. Bayan shekara biyu kika zo da hotuna kina nuna wa jama'a a coci, sai ga rigata a jikin wani tsoho mai haƙori ɗaya yana wangale baki. Na ce, "Ke, wannan ba rigata ba ce?" Kika yi dariya kika ce, "Yaya Khumi, ai ya fi ni jin sanyi, kuma ta fi yi masa kyau." Na so in kwaɗe ki da ludayi. A zuwan nan ne ma, sati biyu kacal da saukarki, na ji kina ce wa Fasto, "Jibi zan koma gida." Kina zaune a kan kujerar Inna kike kiran wani wuri gida. Ranar ban ci abinci ba.

Bara kika yi mini alkawari. Kika ce gwiwoyi sun gaji, bana za ki ajiye aiki ki dawo, mu tsufa tare muna faɗa kamar da. Na sa aka sake daɓen gora na ɗakinki. Filin da ke kusa da kabarin Inna kuwa tun tuni na hana kowa taɓa shi, na mu biyu ne. Shi ya sa da dattawan ikilisiya suka zo bayan zaman makoki suka ce in dangi na so, in ƙanƙara ta narke za a iya tono ki a kawo ki, ban bari sun rufe baki ba. Na ce a kawo ta. Sun ci rayuwarta, gawar dai tawa ce.

Ana cikin shirin haka, bayan Ista, wata mata ta sauka daga motar Aizawl, babban birninmu. Gajera ce, fuskarta duk sanyi ya ƙone, ga buhu a baya da igiya ta goshi. Ta tsaya a ƙofata ta ce da yarenmu, "Yaya Khumi, in shigo ko sai kin gama harara?" Maganarki ce sak, har yadda kike jan ƙarshenta. Ita ce Jaukala, matar da kika goya a kwando, wadda daga baya ta zama mai taya ki aiki. A bakinki ta koyi yarenmu, shi ya sa duk tsiwarki ta kwashe. Ita ta riƙe kanki a cinyarta, ita ta rufe miki ido. Na dube ta na ji kamar in rufe ƙofar.

Ta sauke buhun ta kwance. Tamba ce, hatsinsu na can, baƙa-baƙa, da guntun itace ɗaya a sama. Na ce, "Wannan fa?" Ta ce kin taɓa gaya musu cewa a garinmu in an yi mutuwa, matasa kan bi gida-gida su karɓi kofin shinkafa da itace guda su kai gidan makoki. To su ba su da shinkafa, sai kowane gida ya ba da kofin tamba. Itacen dami guda ne, amma yaron mota ya ƙi ɗauka, guda ɗaya ta iya ɓoyewa. Na ce, "Baiwar Allah, ai na unguwa ake nufi! Kuɗin motar da kika kashe ya sayi wannan buhu goma." Ta ce, "To ai mu ne unguwarta. Gidan makokin ne ya yi nisa."

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Sun ji za a tone ki. Ta durƙusa ta kama ƙafata ta ce, "Yaya, ki bar mana ita. Matanmu in ciki ya tsufa sukan je su zauna kusa da kabarinta, tsoro ya ragu." Na janye ƙafata. Na ce, "Kada ki ƙara ce mini Yaya. Ƙanwa ɗaya gare ni, kun cinye ta, yanzu ƙasusuwan ma kuna so?" Ta fara hawaye. Ni ma ban lallashe ta ba.

Baƙo dai baƙo ne, dole a ba shi abinci. Na ce ban san yadda ake sarrafa wannan abin ba, in tana so ta tuƙa da kanta. Na ba ta turmi ta daka, na ɗora mata ruwa, na koma gefe na naɗe hannu ina kallo. Ta auno gari a kwano. Kafin ta zuba, sai na ga tana waige-waige a kan kantar kwanuka, har idonta ya faɗa kan gwangwanin Inna. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗebi danƙi ta zuba, ta ƙara tsunkule da yatsu uku, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kada Allah ya ce mun yi masa rowa," ta ƙwanƙwasa bakin gwangwanin sau biyu da bayan hannu.

Thuami, sai na zauna a ƙasa. Ni maza na haifa. Surukaina kuɗi suke sawa a ambulan, sun ce ya fi sauƙi. Na daɗe da sallamawa cewa ranar da na mutu, hannun Inna ya mutu. Na ce da Jaukala, "Wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "Kowace mace a cocinmu haka take yi. Ba haka ake yi ba?" Ba ta ma san na Inna ba ne, ta ɗauka dokar coci ce.

Har hannun Inna kika kwashe kika kai musu, 'yar nema! Ni da na yi jinyar hannun nan ban samu wadda zan bar wa ba, ke kin raba shi ga ƙauye guda. Na yi kuka ranar fiye da ranar da Fasto ya shigo. Tuwon tambar kuwa na ci, ba shi da daɗi ko kaɗan, na gaya mata, ta ce haka ke ma kika ce shekarar farko.

Da safe na je na sami dattawa na ce a fasa tonon. Kada kowa ya ce na yi abin kirki, ba da daɗin rai na yi ba. Na ga dai in na ɗauke ki daga can, daga cikin jikokin Inna zan ɗauke ki. Guntun itacen nan na kai shi na kafa a filin da ke kusa da kabarin Inna, a gefen da na tanadar miki.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ya karɓi wahalar gwiwoyinki, ya sāka miki da abin da mu muka kasa. Allah ya ta'azantar da ƙanenmu Rosiama da iyalinsa, da 'ya'yana, da zumuntar mata da suka ciyar da ke da danƙinsu. Ya ta'azantar da Jaukala da mutanen Mugu, waɗanda na yarda, ko ban so ba, sun fi ni rashi. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don har yanzu da saura.

Sai mun sadu a gaban Almasihu. Amma ki sani, in na iso, ni ce zan zauna kusa da ke. Su jira, sun riga sun sha nasu rabon.

Yayarki,
Rokhumi